Muryar Njidda a Faifai

Akwai wani matashi a Mayo Gwoi mai suna Salihu, yana da ɗan shago inda yake ɗora wa mutane karatu da waƙoƙi a faifan CD. Laftof ɗinsa ta tsufa tukuf. In ya sa mata faifai sai ta yi ta gurnani, layin da ke nuna aiki yana rarrafe kamar katantanwa. Shi kuwa Salihu, Allah bai ba shi haƙuri ba ko na sisin kwabo.

Wata rana da la'asar, hadari ya sauko kan duwatsun Jalingo, sai ga wata dattijuwa, Dada Aisatu, daga Lau. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan memorin waya.

"Ɗana, muryar maigidana yana ciki, marigayi Njidda. Yaronmu ya ɗauka a waya kafin ya rasu. Ni waya ya fi ƙarfina, amma ina da rediyo mai cin faifai."

Salihu ya jona memorin a laftof, ya sa faifai. Layi ya fara rarrafensa. Ya yi tsaki, ya kai saurin aikin har ƙarshe.

"Yanzun nan za ki ga aiki, Dada."

Faifai kuwa ya fito da zafinsa. Aka sa a rediyon shago. Muryar wani dattijo ta taso yana yi wa shanunsa magana, sai ta fara sarƙewa, tana tsalle, ta yanke ɗif.

Dada Aisatu ba ta yi faɗa ba. Ta dai ƙura wa rediyon ido.

"Wurin da nake nema yana can ƙarshe," in ji ta a hankali. "Mu a wurinmu miji ba ya kiran sunan matarsa, kunya ne. Har muka tsufa ban taɓa ji a bakinsa ba. Yaron ya ce a nan babansa ya faɗa, bai san ana ɗauka ba."

Salihu ya koma kan laftof. Da ya duba memorin, sai ya ga ya tsage a gefe, yana kamawa yana saki. Ashe daga cikinsa kai tsaye yake ta fizgar muryar da ƙarfin tsiya, saura kaɗan ya kashe shi gaba ɗaya.

Sai ya nutsu. Ya lallaɓa ya kwafe muryar cikin laftof tukuna. Ya rufe finafinan da ya bari a buɗe, ya jona caja, ya goge ƙurar idon da ke karanta faifai, ya sa sabon faifai, sannan ya mayar da saurin tsaka-tsaki.

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, yayyafi mai sa barci. Dattijuwar ta jingina da bango ta lumshe ido, tana ba da labarin bakin kogi, da ƙanshin madarar safe, da wani dogon saurayi mai sanda a kafaɗa da ke wucewa ba ya ɗaga kai. Salihu ya shagala har ya manta da kallon layi. Abin mamaki, tsohuwar laftof ta gama da wuri fiye da yadda ta saba.

Aka sa faifan a rediyo, muryar ta fito tas. Njidda ya kira shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi tari. Sannan can ƙasa-ƙasa ya ce, "Aisatu."

Dattijuwar ta gyara mayafinta kamar amarya, hawaye na bin kuncinta.

"Na'am," ta amsa.

Darasi: Gaggawa ba ita ce sauri ba. Ka gyara abin da ke hana aikinka tafiya, kada ka tursasa shi, domin abin da kake fizga a hannunka wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani a duniya. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.