Sabar da Injiniya Ya Bari Ta Cika

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, shi ke kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin rajistar wata makarantar koyon jinya.

Kullum da safe, kafin ya zauna, sai ya duba memori da furosesa, wato ma'ajiyarta da ƙwaƙwalwarta, ya ga nauyin da ke kansu. Akwai wata manhaja mai cin memori a hankali, in bai kashe ta ya sake kunnawa ba, sabar sai ta ƙame. Shi kaɗai ya san wannan.

Kwatsam aka kawo wani ɗan kwalisa aka ɗora a kujerarsa, shi kuma aka tura shi gyaran firinta. A gaban ma'aikata Oga, shugaban wurin, ya ce, "Zamani ya wuce ka, Injiniya."

Wallahi maganar nan ta soke shi. Ya ƙulle ta a ciki. Da ya zo miƙa aiki ya nuna wa Ɗan Kwalisa komai, amma zancen manhajar nan ko tari bai yi ba.

"Za ku gane shayi ruwa ne," ya ce a ransa.

A gida kuwa, 'yarsa ta fari, wadda yake kira Mamana, ta matsa masa, don ita ma makarantar take son shiga.

"Baba, rajistata fa?"

"Haba Mamana! Ni da na raini sabar nan? Bar min, ni zan yi miki."

Ina! Hankalinsa na kan waya, don har yanzu yana iya leƙa sabar ta nan. Kullum memori na hawa, shi kuma yana murmushi kamar mai kallon ƙwallo.

Ranar rufe rajista, dubban ɗalibai suka afka wa shafin. Memori ya cika maƙil, furosesa ta kai ƙarshe. Ɗan Kwalisa ya faɗo ɗakin firinta gumi na zuba.

"Don Allah yallaɓai, ka zo ka duba min!"

Injiniya ya ci gaba da goge tawada a hannunsa. "Ni? Ai zamani ya wuce ni."

Da azahar sabar ta ƙame. Ya ji Oga na zazzaga wa yaron masifa, daɗi ya kashe shi. Ba a samu ta tashi ba sai da lokacin rajista ya wuce. Oga ya ce sunayen da suka shiga su za a tura, ba ƙarin ko minti ɗaya.

Ya koma gida yana fito. Mamana ta tare shi a ƙofa da fara'a.

"Sannu da zuwa Baba. Ƙawayena da yawa sun rasa, kuka suke ta yi. Na ce musu ni kam babana ya gama min tuntuni. Ina takardar?"

Sai a lokacin ya tuna bai yi mata rajistar ba. Ta tsaya da hannu a miƙe tana jira, har fara'ar ta gushe daga fuskarta.

Shekara guda ta yi a gida tana jiran wata rajistar.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don ba ka san ɗan wa zai faɗa ba. Ku tura wa duk wanda kuka san ya riƙe wani a zuci.