Malamar Mafarki da Shamuwar Gidansu

Masu ba da labari sun ce an yi wata budurwa, Lantana, 'yar wani attajiri a Tudun Faru, wadda ta gama jami'a ta dubi duniya, ta ga ba abin da duniyar ke jira sai ita. Sai ta shiga wata ƙungiyar aikin sa kai, aka tura ta wata ƙasa can kudu, don ta koya wa matasan wata unguwar marasa galihu dogon buri. Kafin ta tashi aka yanka rago, aka yi walima, aka sha hotuna. Ta yi jawabi har gwaggonninta suka yi hawaye, ko da yake ba wadda ta gane aikin.

Ranar farko aji ya cika maƙil, don an raba lemo. Ta tsaya gaban allo ta ce su dubi sama, su yi manyan mafarkai, ba abin da ya fi ƙarfinsu. Kashegari ta maimaita. Tana maimaitawa aji na raguwa, har ya zama saura yarinya ɗaya, Tandiwe, ita ma a bakin ƙofa take zama tana leƙen waje. Shugabar ƙungiyar ta kira Lantana ta ce in mako ya ƙare bencina ne ɗalibanta, za a mai da ita gida. Lantana ta tuna ragon nan da hotunan nan.

Da safe kafin aji ta zauna gindin wata bishiya tana share hawaye, tana cewa yaran ƙasar nan ba su da buri ko na sisin kwabo. Sai ta ji murya daga sama, da Hausa tsantsa: "Sannu da aiki, 'yar Alhaji. Duniyar ta gyaru kuwa?"

Ta ɗaga kai, sai ga tsohuwar shamuwar da ke sheƙa kan tsamiyar gidansu kowace damina, in rani ya yi ta gangaro kudu. Lantana ta ce, "Iya Shamuwa! Ke ma aikin sa kai kika zo?"

"A'a ɗiyata, ni cin fara na zo yi, kuma ba wanda ya yi mini walima. Na ji kukanki. Halinki ya tuna mini da Dogo Mai Jaka da samarin Rafin Gawo."

Lantana ta ce, "Yaya suka yi?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa kan reshe ta ce:

"Wani Bature ne ya zo Rafin Gawo aikin agaji, mutanen gari suka sa masa Dogo Mai Jaka. Hausarsa a littafi ya koya, cikin jirgi. Ya tara samari da 'yan mata bayan sun taso daga gona, ya ɗaga hannu ya ce, 'Ku yi mafarki! Manya-manya!' Shi buri yake nufi, amma littafinsa bai gaya masa ba. Yaran nan da suke duƙe da fartanya tun asuba suka dubi juna, suka ce lallai Allah ya kawo malamin kirki. Suka shimfiɗa tabarmi suka hau minshari.

"Kullum aji sai ƙara cika yake, har dattawa suka fara zuwa da matasan kai. Da ya tambayi abin da suka gani, wani ya ce kura ce ta biyo shi, wata ta ce tuwo ta gani da nama har ya yi yawa. Ran Dogo ya ɓaci, ya kai ƙara wurin mai gari, Barau, ya ce yaran garinsa malalata ne. Mai gari ya ce, 'Baƙonmu, zauna ka sha ruwa, in ba ka labarin mikiya da budurwar kaza.'

"Ya ce: 'Wata mikiya ce tausayin kaji ya kama ta, ta sauko kan katangar wani gida ta iske budurwar kaza tana tono kusa da turmi. Ta ce mata, "Ke, har yaushe za ki ƙare a tonon ƙasa? Dubi sama!" Kaza ta ce, "Ranki ya daɗe, mu da sama mun san juna, daga can shaho ke zuwa." Mikiya ta ɗaga kai ta yi ta bayanin gajimare da iska har rana ta take. Sannan ta ce, "To, ke ina kike son kaiwa?" Kaza ta ce, "Gindin rumbun can, inda hatsi ke zuba." Mikiya ta yi dariya, ta tashi, ta bi tsuntsaye tana shaida musu kaji ba su da buri. Ita kuwa kazar nan, igiya ce a ƙafarta, an ɗaure ta da turmin. Bakin da ke yaga fatar rago sara ɗaya zai yi wa igiyar, amma mai wa'azin kanta na sama tun da ta zo.'

"Da mai gari ya gama, Dogo ya jinjina kai, ya buɗe jaka ya ɗauko littafi, yana neman ma'anar igiya."

Shamuwa ta dubi Lantana ta ce, "Shi dai ɗalibansa sun samu barci. Naki ko wannan ba ki bar su sun samu ba."

Lantana ta murtuke fuska ta ce, "Wato ni ce mikiyar ke nan?"

"Ni ban ce ba. Mikiya ai da fikafikanta ta zo, ke tikiti aka yankar miki."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Ta tashi ta nufi aji. Tandiwe na bakin ƙofa kamar kullum, kuma a karon farko Lantana ta dubi ƙasa, ta ga jarka a gefen ƙafar yarinyar. Ta tambaye ta jarkar ta mece ce. Tandiwe ta ce famfon unguwar sai da hantsi yake kawo ruwa, daidai lokacin aji, wanda bai tara ba kuwa gidansu su wuni da ƙishi.

Kunya ta rufe Lantana. Ta ɗauki jarkar suka tafi famfo tare, sai ga ɗalibanta kaf a layi. Ranar ba ta yi jawabi ba, tambaya ta yi. Ashe wani jirgin ƙasa yake son tuƙawa, wata ungozoma take son zama, ba wanda ya jira ta zo kafin ya fara buri. Nan take aka mai da aji la'asar, kuma kafin mako ya ƙare bencina sun yi kaɗan.

A layin famfon nan ne Lantana ta juya ta ce, "Ke fa, Tandiwe?"

Yarinyar ta ce, "Malama, ni ƙasarku nake son zuwa aikin sa kai. Na ga yaranku a talabijin, abin tausayi. Shi ya sa ban daina zuwa ajinki ba, ina koyon yadda ake yi. Na ga ba wuya, magana ce kawai."

Lantana ta ɗaga kai, ta ga shamuwa kan turken lantarki tana kaɗa baki, ba mamaki dariya ce. Ta ce, "Iya, ya isa, na ji." Sannan ta miƙa wa Tandiwe jarkarta cike da ruwa, ta ce, "Allah ya kai ki. In kin je, ƙafafunsu za ki fara dubawa."