Makullin Akori-Kurar Marigayi Tanimu

Ku gyara zama, wannan ba ta Gizo ba ce, a kaina ta faru, kuma hukunci nake nema a wurinku.

Maigidana marigayi Tanimu direba ne. Da Allah ya karɓi abinsa, a cikin rabon gado ƙaramar akori-kurarsa ta faɗo a hannuna, wadda muke ɗauko dankalin Turawa da ita daga ƙauyukan kan dutse. A can wani ƙauye injinta ya buga tun marigayi yana kwance ba lafiya, aka jingine ta gindin mangwaro, kaji suka mai da ita gida. Yana da wata magana da yake yawan faɗa wa yaransa, wai kowa ya iya tafiya da mota, direba shi ne wanda ya iya tsai da ita. Da ciwo ya yi nauyi ya ce mini in har motar ta tashi, kada in duba mai gudu, in ba wa wanda ya san tsayawa.

Da na fita takaba na nemi mai janwe ya jawo mini ita, ya yanko wani kuɗi kamar sabuwa zan saya. Na ce ya riƙe janwensa. Ana haka sai ga mutum uku da suka koyi mota a hannun marigayi, yanzu duk magidanta ne. Akwai Barau, yana gyara da walda a rumfar wani. Akwai Isiyaku, yana tuƙa babbar motar wani attajiri. Sai Kallamu, wanda yau yana wannan mota gobe yana waccan, duk inda aka rasa direba. Cikinsu babu mai ko tayar kansa. Isiyaku ya ce zai sauko daga dutse jibi ba kaya, maigidansa ya yarda ya jawo mini ita.

Muka hau. Da na ga bayan akori-kura fayau, ga dankali ya yi araha, na sa aka cika ta da buhuna. Motar da za a ja ai ba ta san nauyi ba, haka na ce, kuma har gobe ban ga inda mace mai hankali za ta sauko da mota wayam ba. Suka ce in shiga gaban babbar mota, na ce a kujerar da na saba zan zauna.

To, ga abin da Barau ya yi. An ɗaura sarƙa ana shirin tashi, sai ya ce ba inda za mu. Birkin hannun motar ya mutu tun marigayi na da ƙarfinsa, da dutse yake tare ta in ya tsaya. Barau ya kwanta a ƙasa cikin kashin kaji ya sauya wayar birkin da wata da ya zo da ita. Sannan ya dubi gindin babbar mota ya ga ya yi tsawo, in ƙarama ta matso ciki za ta shige. Ya samo gungumen katako ya gicciya a gindin babbar motar, daidai tsayin hancin akori-kura, ya ɗaure tsofaffin tayoyi biyu a jikinsa. Rana ta yi tsaka muna jiransa. Isiyaku yana ta tsiya, wai Barau zai yi wa gawa kwalliya. Ni ma na faɗa masa magana mai zafi. Bai ɗago ba, sai da ya gama ya ce, “Inna, hawa da mota ake yi, gangara da birki.”

Muka kama hanya, Barau yana gaba wurin Isiyaku, Kallamu yana riƙe da sitiyarin tawa, ina gefensa. A shimfiɗe lafiya lau. Sai muka zo babbar gangara, hagu dutse, dama rami wanda in ka leƙa shanu kamar tururuwa suke. Nan na koyi abin da ban sani ba, ashe motar da injinta ba ya aiki, birkin ƙafarta sandarewa yake. Kallamu ya taka, ya sake takawa, abu ya zama dutse. Ga nauyin dankali yana tura mu. Sarƙa ta saki tana jan ƙasa, gindin babbar mota yana ta girma a idona. Oda babu, batir ya daɗe da mutuwa.

Ga abin da Kallamu ya yi. Ƙofarsa tana ɓangaren dutse, in ya so ya buɗe ya dira, ƙarshenta ya gurje gwiwa. Na ga hannunsa ya kai kusa da ita ya dawo. Ya haɗa ƙafa biyu a kan birki har ya miƙe daga kujera. Ya kama birkin hannun da Barau ya gyara, bai fizge shi gaba ɗaya ba, don in ya yi haka gindin mota zai juya ya watsa mu rami. Ja yake kaɗan ya saki, ya ja ya saki, tayoyin baya suna kuka, ɗaya hannun yana riƙe da sitiyari, ya saita hancinmu tsakiyar tayoyin nan biyu. Abin da ya ce kawai, “Inna, riƙe da kyau, ki yi salati.” Da ma na riga shi.

Ga abin da Isiyaku ya yi. Ba ya jin ihunmu, kuma mun matso har madubi ba ya nuna mu. A jikinsa ya ji bayan motarsa ya yi sauƙi, ya gane sarƙa ta saki. Duk direban da ya tsorata a gangara birki yake dannawa, ko Barau da ke gefensa cewa ya yi ya taka. Da ya taka, da yanzu wani ne ke ba ku labarin nan. Sai ya ƙara wuta, ga kwana a gabansa, har gudunsa ya yi kusa da namu. Muka zo muka daki tayoyin, duka ɗaya mai taushi, gilashi ya tsage amma bai zube ba. Da ya ji mun jingina, ya shiga rage giya sannu sannu, yana taɓa birki kamar mai taɓa miki, ya goya mu a bayansa har muka sha kwanar, har ƙasa ta miƙe, muka tsaya gaban wasu mata masu sayar da gwaza.

Da kaina na sauko. Ko buhu ɗaya bai faɗi ba. Da ribar dankalin nan aka fara gyaran inji, yau akori-kura tana tsakar gidana tana tashi da murɗa ɗaya, an wanke kashin kaji, an sa sabon gilashi.

Makulli kuwa yana ɗaure a bakin zanena, don mota ɗaya ce, kujerar direba ɗaya. Na tara su na maimaita musu wasiyyar marigayi. Barau ya sunkuyar da kai, Isiyaku ya dubi Kallamu, Kallamu ya dubi bango, kowa yana so kowa yana jin kunya. A tasha kuma an rabu uku. Wasu sun ce da babu katako da tayoyi da birkin hannu, da sauran biyun ba su sami abin yin gwaninta da shi ba. Wasu sun ce katako ba ya saita kansa, sai da wanda ya ƙi dira ya kai hancin mota inda ya kamata. Wasu kuma sun ce duk su yi shiru, ƙafar da ta tsai da motoci biyu a babbar mota take.

Kasuwar dankali na gabatowa, ni kuma ba na barin mota ta kwana ba ta nema. Tanimu ya ce in ba wa wanda ya san tsayawa. To, ku faɗa mini, tsakanin Barau da Kallamu da Isiyaku, wane ne ya tsai da motar nan, in kwance makulli in ba shi?