Tabon da ke Goshin Haulat

Akwai wani direba mai suna Surajo, ɗan Zariya, da ke tuƙa wa wani Balarabe mota a unguwar Madinat Khalifa da ke Doha. Mutum ne mai kyauta, mai son matarsa, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma in ya ƙullaci mutum ba ya mantawa.

Wanda ya ƙullata shi ne Ɗalhatu. Lokacin korona ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Al Asmakh. Ana gab da tafiyar Surajo gida ɗaurin aurensa zazzaɓi ya kama shi, ya ɓoye. Ɗalhatu ya dubi wani dattijo mai ciwon suga da ke kwana tare da su, ya kira ma'aikatan lafiya.

Aka killace Surajo. Kafin a sallame shi an dakatar da jirage. Aka ɗaura aure babu ango, amarya Haulat ta tare a ɗakin da babu miji, ta daɗe tana jira. Tun daga nan Surajo bai sake amsa sallamar Ɗalhatu ba.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, ya samar wa Haulat takardar shiga ta 'yan kallo, ta iso Doha. Haulat mai son ruwa ce. Kullum hirarta a waya ba ta wuce ruwan da ke zubowa daga kan dutse a bayan garinsu ba.

"Nan babu dutsen da ruwa ke zubowa," in ji Surajo, "amma akwai wani tafki a tsakiyar tuddan yashi. Can za mu kafa tanti, mu biyu."

Ya ari babbar motar kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa tuƙi, suka ɗauki tanti da tabarma da nama, suka nausa kudu.

Wurin ya burge Haulat ƙwarai. Surajo ya kai motar bakin ruwa, kan jiƙaƙƙen yashi, don in ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa a ciki. Ya ɗauka tafki ne irin na gida, wanda inda ka bar bakinsa nan za ka same shi.

Bayan la'asar yana buga turakun tanti da guduma, sai wata mota ta gangaro daga tudu. Ɗalhatu ne. Ya koma tuƙa baƙi a sahara, ya zo duba inda zai sauke mutanensa gobe. Duk faɗin wurin babu kowa sai motocin nan biyu.

Ya yi sallama. Haulat ce kawai ta amsa.

"Amarya, sannu da zuwa," ya ce. "Surajo, janye motar nan. Ruwan teku ne, yana ja da baya ya dawo. Yanzu zai iso."

"Wa ya ba ka izinin gaishe ta?"

"Ba rigima ta kawo ni ba."

"Ka hana ni ganinta ranar aure, yau kuma ka biyo mu nan? Munafuki."

Ya kai masa naushi a baki. Ɗalhatu ya faɗi, ya tofar da jini haɗe da guntun haƙori. Surajo ya bi shi da shuri a haƙarƙari, ya ƙara, ya ƙara. Bai huce ba. Ya zare turken ƙarfe, ya je ya kafa shi a tayar gaban motar Ɗalhatu, ya buga har iska ta fita da ƙara.

"Kira ma'aikatan lafiya su zo su ɗauke ka," ya ce.

Ɗalhatu na ƙoƙarin miƙewa, Surajo ya dawo kansa da gudumar a sama.

"Yaya, don Allah ya isa," in ji Haulat, ta shiga tsakani.

Hannun ya riga ya tafi. Gudumar ta same ta a gefen goshi. Ko ƙara ba ta yi ba, ta sulale. Jini ya rufe mata ido, ya jiƙa mayafinta.

Surajo ya durƙusa yana kiran sunanta. Tana numfashi, ba ta amsawa. Ya duba waya, babu sabis. Ya sure ta ya ruga mota, sai ya ji ruwa a idon sawunsa. Ya tayar, ya taka. Tayoyi suka yi ta juyi suna haƙa rami, motar na ƙara nutsewa.

Ya fito da ita a hannu, ya tsaya. Mota ɗaya ce ta rage, kuma da hannunsa ya fasa tayarta.

Ɗalhatu ya riga ya ja jiki zuwa bayan motarsa, yana kwance tayar ajiya da hannu ɗaya, ɗayan dafe da haƙarƙari.

"Kwantar da ita a kujerar baya," ya ce, maganar na fita da ƙyar. "Ɗaure mata wurin da rigarka. Ka zo ka ɗaga motar, ka karya mini ƙarfin da zan yi."

Suka canza tayar ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Ɗalhatu ya ja motar cikin tuddai, duk gargadar da suka shiga sai ya cije leɓe. Surajo na baya, kan Haulat a cinyarsa, jininta na bin yatsunsa. Da ya waiwaya, ruwa ya kai gilashin motar kafil.

Likitoci suka ce da an ƙara jinkiri da ba a same ta ba. 'Yan sanda suka zo. Ɗalhatu ya ce nasa ya yafe, amma dukan Haulat da motar mutane ba nasa ba ne da zai yafe. Aka tsare Surajo, aiki ya tafi, daga baya aka sa shi a jirgi zuwa gida.

Haulat ta warke, ba ta bar shi ba. Sai dai tabon ya zauna, dogo, daga gira zuwa gashi. Wata rana ya sayo mata ɗankwali mai faɗi, ta karɓa ta yi godiya, ta ɗaura shi can baya.

"Ba za ki ɗan sauko da shi ba?"

"A'a, Yaya," ta ce a hankali. "Ni ba na ganinsa. Kai nake so ka riƙa gani."

Darasi: Fushin da ka adana wa wani ba ya tambayar sunan wanda zai faɗa wa, sau da yawa wanda ka fi so ne ke tsaye a wurin. Kuma kada ka lalata abin hannun mutum, wataƙila shi ne zai fitar da kai. In kun san mai saurin hannu, ku tura masa wannan kafin ya ɗaga guduma.