Sunan da Tabawa Ta Ƙi Faɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, yau ta manya ce!

Ta zo mu ji ta, ko da ɗaci!

An yi wata mata, Tabawa, da dodon rafi ya haɗiye. Yara ana gaya musu wai washegari ta fito tana dariya. Ƙarya ce. Shekara bakwai ta yi a cikinsa, tana yankar hantarsa da wuƙar yanka kuɓewa tana ci ɗanya. Kullum dodo ya ce, "Baiwar Allah, ki mutu mana mu huta." Ita kuma ta ce, "Na bar yarinya a gida."

Ranar da hanta ta ƙare dodo ya mutu. Ta farke cikinsa ta fito, fata ta koɗe, kai ba gashi. Ta tarar an yi mata sadakar arba'in tuni, gonarta kuma tana hannun ƙanenta Barau. Barau ya gane ta sarai, shi ya sa ya fi kowa ihu.

"Fatalwa ce! A tara itace!"

Aka tara, aka ɗaure ta a tsakiya. Cikin taro ta hango Yalwa, 'yarta ta fari, ta zama mace. Zuciyarta ta karye.

Barau ya ce, "In ke ce Yaya Tabawa, faɗi sunan 'yarki." Mugu, ya san uwar kirki ba ta kama sunan ɗan fari ko a ɗaka, balle a gaban jama'a.

Ta sunkuyar da kai.

"Faɗi sunanta!"

Ta ce, "Waccan dai."

Ya ɗauko wuta. "Faɗi sunanta!"

Tsoro ya kama ta, sunan ya zo har bakinta, ta haɗiye shi.

"Kun gani? Ba ta sani ba!"

Sai Yalwa ta ratsa taro, da goyo a bayanta, ta hau kan itacen. Ta ce, "Kawu, da fatalwa ce, da tuni ta faɗa ta tsira. Wa zai zaɓi wuta don kunyata in ba Inna ba? Kunna, mu uku ne."

Tsofaffin mata suka ƙwace wutar, suka kori Barau da muciya har bayan gari. Yalwa ta kwance uwarta, ta ɗora mata jika a cinya. Ta ce, "Wannan kam, Inna, kira shi yadda kike so."

Tabawa ta fashe da kuka, ta ce, "Zo nan, mijina mai ƙaton kai."

Ku riƙe wannan: naka na gaskiya, ko ka yi shiru zai gane ka.

Ƙurunƙus, kan dodo ya faɗa rafi!