Laftof a Gonar Dawa

Akwai wani saurayi a Kabo, Abdulnasir, wanda indai harkar burga ce ba a barinsa a baya. Ranar da ƙungiyar manoma ta Gwarzo ta sanar za ta ɗauki matasa aikin auna gonaki, murna ta hana shi zama. Sharaɗin dai kowa ya zo da na'urarsa.

Mahaifinsa, Baba Jalo, ya kama ɗan bijimin da yake ji da shi ya sayar. Abdulnasir da ɗan baffansa Mahbub suka nufi Kano.

A shago Mahbub ya tambayi yadda ake aikin, ya zaɓi 'yar na'urar hannu mai shiga aljihu. Gogan naku kuwa ko tambaya bai yi ba, ya rungumi ƙatuwar laftof. Har suka iso gida yana yi wa Mahbub tsiya, wai ya sayo abin wasan yara.

Ranar gwaji aka kai su wata gona a ƙauyen Mainika. Ashe sai mutum ya zagaye iyakar gona da ƙafa, na'urar na hannunsa tana zana hanyar da ya bi!

Jama'a, ku zo ku ga Abdulnasir cikin dawar da ta fi shi tsayi, riƙe da laftof a buɗe kamar mai tallar ƙosai. Hasken rana ya hana shi ganin komai, ita kuma laftof ɗin ba ta ma san inda yake tsaye ba. Ya tuna bijimin Baba, idonsa ya kawo ruwa.

Mahbub ya kutso cikin dawar, ya miƙa masa tasa.

"Karɓi ka auna taka gonar, ɗan'uwa. Ni na jira."

Hajiya Uwaliya, shugabar aikin, tana kallonsu. Da aka gama ta ce Mahbub ta ɗauka, domin shi ke da kayan aiki. Mahbub ya durƙusa ya roƙe ta ta haɗa da Abdulnasir, ya ce ai ofis na buƙatar mai haɗa taswirorin, kuma laftof ce ke wannan aikin.

Ta yi murmushi ta amince. Abdulnasir ya daka tsalle ya rungume Mahbub.

Darasi: Ka san aikinka kafin ka sayi kayan aiki, kuma kada ka raina na wani don ya fi naka ƙanƙanta. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.