Yawun da Ba Nasa Ba

Akwai wata malamar makaranta da ke auren wani mai shagon kayan gini, wanda abokansa ke wa laƙabi da Ba-Ka-Laifi. Sunan ya dace da shi, don ko ƙofa ya buge, sai ya ce kafinta ne bai iya aiki ba.

Shekaru sun ja ba su samu haihuwa ba. Tun kafin kowa ya duba su, mutumin ya riga ya yanke hukunci: matsalar daga Malama take. Ya faɗa wa mahaifiyarsa, ya faɗa wa ƙannensa, har abokan hirarsa na bakin shago sun sani. Abin da ya fi ƙona mata rai, a gabanta ake maganar kamar ba ta wurin.

Ranar da ya ce in babu canji ta koma gidansu, sai ta roƙe shi su je asibiti tare.

Likita ta miƙa musu 'yan kwalabe biyu. Ta ce za a fara da gwajin yawu, a duba homon, wato sinadaran jiki masu alaƙa da haihuwa, na kowannensu, daga baya a yi sauran gwaje-gwaje. Kowa ya tofa a tasa da safe, kafin ya ci komai ko ya goge baki.

"Ni ma?" in ji Ba-Ka-Laifi. "Likita, ki dube ni da kyau."

"Na dube ka. Ido ba ya ganin wannan."

Washegari Malama ta tofa nata a ɗaki. Shi kuwa ya jefa kwalbarsa a aljihu, ya ce a shago zai yi, shi ba yaro ba ne da za a tsaya a kansa.

Ranar karɓar sakamako, har mahaifiyarsa ya ɗauko, wai ta ji da kunnenta. Malama ta zauna a gefen kujera.

Likita ta buɗe kwamfuta. "Malama, naki babu abin damuwa a ciki. Amma kai, malam, homon ɗinka na maza ya yi ƙasa sosai. Sai mun ɗebi jini mun tabbatar."

Mutumin ya miƙe tsaye. "Wannan ba ni ba ne. Ai ba yawuna ba ne ma, ƙanina na bai wa ya tofa."

Sai da maganar ta fita sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Ku duba rashin kunya. Ashe duk cika bakin nan tsoro ne. Ya zaɓi ƙaninsa don yana ganin ƙaƙƙarfa ne, a samu sakamako mai kyau, a ɗora wa baiwar Allah laifi a kore ta.

Mahaifiyarsa ta juyo ta dube shi. "Don wannan ka taso ni daga gida?"

Malama ba ta yi kuka ba, duk da zuciyarta na tafasa. Ta ce, "Likita, don Allah ba ni wata kwalbar." Malama ta karɓa, ta ajiye ta a gaban mijinta ta ce:

"Ka kira ƙaninka ya zo, shi ba shi da laifi, magani yake buƙata. Wannan kuma taka ce. Ka ce in koma gidanmu, to, yau zan koma da ƙafata. Ranar da ka tofa da bakinka a gaban likita, ka zo mu yi magana."

Ya juya wajen mahaifiyarsa, ko za ta sa baki. Tsohuwar ta ɗauki jakarta ta ce, "Tashi mu tafi, 'yata, ni zan raka ki."

Suka bar shi zaune shi da kwalba.

Darasi: Rikicewar homon ba ta mata kaɗai ba ce, kuma ciwo ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ɓoye naka ka ɗora wa wani. Ku je gwaji tare, kowa da bakinsa. Ku tura wannan ga duk gidan da aka yanke wa mace hukunci kafin likita ya yi magana.